Idon Malam Zainu na Dama

Shekara goma sha huɗu na yi ina buga tawula da Malam Zainulabidin a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa a unguwar Takur, cikin Dutse, kuma bai taɓa yarda cewa na ci shi da iyawata ba. In na ci, ya ce sa'a ce. In ya ci, ya ce lissafi ne. Ni sunana Yahuza, direba ne, motar gwamnati na ja har na yi ritaya, kuma Allah bai ba ni haƙurin lissafi ba. Sau da yawa na tashi a fusace na rantse ba zan dawo ba, washegari da la'asar sai ga ni da tabarmata a hammata.

Tawula ba wasanmu ba ne, na Kwarori ne, Larabawan nan masu kantunan yadi. Akwatin katako ne da ake buɗewa kamar littafi. Kowa yana da 'ya'ya goma sha biyar, ana jefa dayis biyu irin na lido, kana tura 'ya'yanka har su taru a gidanka mai gurbi shida, sannan ka fara fitar da su. Wanda ya riga kwashe nasa ya ci. Ni abin da nake so a wasan shi ne tsakiyarsa, inda ake kama ɗan mutum a mai da shi baya ana shewa. Shi kuwa Malam Zainu ƙarshen yake jira, lokacin da kowa ya shige gida, ba sauran kame-kame, sai fitarwa. A nan mutane suke ganin wasa ya ƙare sai abin da dayis ya ba ka. Shi a nan yake gyara zama.

Wata rana 'ya'ya uku suka rage mini, ɗaya a gurbi na shida, ɗaya a na biyar, ɗaya a na uku. Na jefa shida da ɗaya. Shidan ya fitar da na bayan, saura in taka ɗaya. Na yi abin da kowane mai hankali zai yi, na matso da na nesa daga biyar zuwa huɗu.

Ya ce, "Ka yi kuskure."

Na ce, "Na nesa ai shi ake jawowa."

"Dayis biyu hanya talatin da shida suke faɗuwa, ba ƙari ba ragi. Yadda ka bar su, huɗu da uku, hanya goma sha bakwai ce za ta fitar maka da su a jifa ɗaya. Da na ukun ka matsar zuwa biyu ka ƙyale na biyar ɗin, da goma sha tara kake da ita."

Ya yi jifarsa, ya rage saura ɗa ɗaya. Na girgiza nawa na jefa, sai ga huɗu da uku cif. Na kwashe, na ci. Da na bi maganarsa da na sha ƙasa. Na yi ta dariya har da buga cinya, shi ko gezau. Ya ce, "Ka ci. Kuskuren yana nan dai." A ranar na ji kamar in rufe masa akwatin a kan yatsu.

Ba a cikin wannan aka haife shi ba. Bafulatani ne, ɗan wata ruga a bayan Taura. Yana shekara bakwai mahaifinsu ya rasu, wansa Modibbo, da yake kira Hamma, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyu, ya riƙe shi, ya yi masa kaciya, ya yi masa aure da Iyatu. Shekarar da annoba ta faɗa wa shanu, garkensu ya ƙare saura tsofaffi huɗu. Modibbo ya zauna da su. Zainu ya tafi Kano neman abin yi, ya faɗa gidan wani Kwara mai sayar da yadi, daga wanke kwanuka har ya zama kuku. A wannan kicin ne tafasasshen mai ya fallatsar masa a idon hagu, ya bar masa tabo fari a tsakiyar ƙwayar.

Da ɓarin jikin tsohon Kwaran ya shanye, abokansa suka daina zuwa, 'ya'yansa suna kanti. Sai ya kira kukunsa ya zaunar da shi a gaban akwatin. Shekara tara suna bugawa kullum bayan abincin rana. Tsohon bai koya masa lissafin ba, zaginsa kawai yake yi in ya yi kuskure. Zainu da kansa ya zauna da ƙwayoyin wake a kan teburin kicin, ya jera kowace jifa da dayis zai iya yi, ya ƙirga, har ya haddace. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya. Da tsohon ya mutu, 'ya'yan suka sayar da gidan, suka ba shi akwatin da tsofaffin takalma biyu. Ya zo Dutse ya yi aikin kuku a wani masaukin baƙi har ƙarfinsa ya ragu, 'ya'yansa mata biyu suka yi aure nesa, ya rage daga shi sai Iyatu.

'Yan unguwa sun sha cewa caca muke yi. Bai taɓa sa ko goro a kan wasa ba, kuma bai taɓa tsayawa yi wa kowa bayani ba. In an kira sallah ya rufe akwatin ko da jifa ɗaya ta rage.

Shekara uku da suka wuce na lura ya fara sunkuyawa sosai kafin ya karanta dayis. Daga baya sai ya ɗauka ya kai dab da hancinsa. Na tsokane shi na ce ko sansanawa yake yi. Bai yi dariya ba. Yanar ido ce ta fara rufe na dama, shi kaɗai mai aiki. Na hagun da ma tabo ya cinye rabinsa, ita ma yanar ta hau ta ƙarasa, sai dai ya bambance rana da inuwa. Mutumin da yake gane ni tun daga kwanar masallaci ya koma sai na yi sallama.

Da aka yi shelar cewa wasu likitoci za su zo aikin ido kyauta na kwana biyar, ni na kai shi a tsohuwar motata. Muka bi layi tun da hantsi har azahar. Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta haska idanun biyu ta ce ido ɗaya suke yi wa kowa, kuma galibi wanda ya fi lalacewa ake fara taɓawa, don in bai yi ba mutum yana da na komawa.

Malam Zainu ya ce, "Likita, na hagun nan, in kin yi wa mutum goma masu irinsa, nawa za su gani?"

Ta ce, "Da tabon nan, Baba? Biyu. In an yi sa'a uku."

"Na daman fa?"

"Tara, har da ɗoriya. In an kiyaye abin da muka ce."

"In an bar shi haka?"

"Shekara ɗaya, ko biyu, zai rufe."

Ya ce ta ba shi minti biyar. Muka fito baranda, na kama hannun rigarsa na ce, "Malam, ka ba su na hagun. Mataccen ido ne, in ya tashi riba, in bai tashi ba ba ka rasa komai ba. Mai rai ba a kai shi ga wuƙa."

Ya ce, "In na ba su na hagu, sau takwas cikin goma na tashi a banza, sun tafi, na daman yana ci gaba da rufewa, ban san ranar dawowarsu ba. In na ba su na dama, sau tara na warke. Abin da kake tsoro sau ɗaya ne."

"In ɗayan nan ya faɗo kanka fa?"

"To ya faɗo. Ba zan bar tara saboda ɗaya ba."

Na ce masa wannan taurin kai ne, ido ba ɗan tawula ba ne. Ya zare hannunsa ya koma ciki.

Aikin ya yi kyau. Ina so wannan ya fito sarari, don daga baya an yi ta ɗora wa asibiti abin da bai yi ba. Washegari da aka cire bandejin ya ƙifta ido, ya dubi bango, ya dubi likitar, ya juyo ya ƙare mini kallo ya ce, "Ashe haka ka tsufa, Yahuza?" Ban taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba. A hanyar gida yana karanta lambobin Keke Napep ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan firamare.

An sallame shi da murfin roba a kan idon, da maganin ɗigawa, da gargaɗi: kada ruwa ya shiga, kada ya sunkuya, kada a sa komai a ciki sai abin da suka ba shi, har sati huɗu. Ya kiyaye fiye da yadda aka ce. Sallah a zaune yake yi. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kuma kowa ya san halinmu, ba mai zuwa duba marar lafiya hannu rabbana, kowa da maganinsa. Wani ya kawo zuma, wata ta aiko da kwalli, wani ya kawo ƙullin gari ya ce a jiƙa a wanke. Malam Zainu ya karɓa hannu biyu ya yi godiya, in sun fita Iyatu ta zuba a wani tsohon kwano a ƙarƙashin gado. Kwanon ya kusa cika.

Rana ta huɗu da hantsi, ina zaune a ɗakinsa, muka ji sallama. Modibbo ne. Shekararsa ta kusa tamanin, dogo, ya ranƙwafa, da sandarsa da malfa. Tun asuba ya hau acaɓa zuwa Taura, daga nan ya shiga mota. Malam Zainu, mai furfura, mai jikoki, ya sauko daga kan gado ya durƙusa a ƙasa. Iyatu ta ajiye ruwa a bakin ƙofa ta gaishe shi daga bayan labule ta koma. Shekara arba'in da aure, ba ta taɓa haɗa ido da wan mijinta ba, balle ta yi magana a gabansa.

Bayan gaisuwa Modibbo ya ce a buɗe masa ya gani. Idon ya ɗan yi ja, irin jan da likitar ta ce za a gani. Tsohon ya girgiza kai.

"Jan nan ban so shi ba. Wuƙa ta taɓa wuri, dole a sanyaya shi."

Ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar kwalbar turare, cike da ruwa kore-kore. Ya ce tun da labari ya iso masa ya shiga daji, kwana biyu yana neman ganyen, don yanzu gonaki sun cinye inda yake fitowa. Da shi yake wanke idon saniya in ya yi fari, tun kafin a haife ni.

Malam Zainu ya ce, "Hamma, likita ta ce..."

"Lokacin da ƙyanda ta rufe maka ido kana ɗan yaro, kwana shida ba ka buɗe ba, wace likita ce a wurin? Wannan hannun ne, da wannan ganyen."

Ba faɗa ya yi ba. A hankali ya faɗa, yana warware tsumman bakin kwalbar. Malam Zainu ya juyo ya dube ni da sabon idonsa, ya gan ni tar. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Na ce a raina maganar 'yan'uwa ce, ni bare ne, kuma wa zai katse dattijo ɗan tamanin a ɗakin ƙaninsa? Na ji numfashin Iyatu a bayan labule.

Malam Zainu ya ajiye murfin robar a gefe, ya kwantar da kansa a cinyar wansa, ya buɗe idon da yatsunsa biyu.

Kwana uku Modibbo ya yi a gidan, safe da yamma yana ɗigawa. Daga rana ta biyu idon ya fara zugi. Na ja Malam Zainu gefe na ce mu tafi asibiti yanzu, mota tana waje. Ya ce Hamma yana gidan, in ya fita neman likita a gabansa ya ƙaryata shi ke nan. Ranar da muka raka tsohon tasha, fatar idon ta kumbura ta rufe, mugunya tana bin kunci. Likitocin kyauta sun riga sun tafi. Daga tashar na wuce da shi Kano. Likitan da ya duba shi a can ya tambayi abin da aka sa, na faɗa masa, ya ajiye fitilarsa ya ce shi ne ya ɓata idon. Suka yi allurai, suka kwantar da shi kwana takwas. Sun ceci ƙwayar ba a cire ba, amma gani ya tafi.

A hanyar dawowa na kasa riƙe bakina. Wajen Wudil na gangara gefen titi na kashe mota.

"Malam, kai fa? Kai da ka hana ni matsar da ɗan katako saboda hanya biyu cikin talatin da shida? Ina lissafin ya tafi?"

Ya ce, "Yana nan. Kafin ya gama kwance tsumman na lissafa. Na ce cikin goma wataƙila sau uku ko huɗu idon zai ɓaci."

"Ka sani ke nan!"

"In na ce masa a'a a gaban baƙo, a gaban matata, goma cikin goma zai ɗauki sandarsa ya tafi, ba zai sake taka gidana ba har ya mutu. Na san shi."

"Ido ne fa, Malam. Idonka ɗaya."

"Shi ya goye ni, Yahuza. Ta da motar."

Kafin mu isa Dutse ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Labarin da ya bazu a Takur shi ne aikin kyauta ya makantar da Malam Zainu. Na ji mutum biyu sun fasa kai iyayensu saboda haka, na yi shiru. Haushin kaina ya hana ni sakewa wata da watanni.

Muka koma gindin dalbejiya. Allon yana kansa, ya san inda kowane ɗa yake, sai dai ni nake karanta masa dayis. Tausayi ya sa na fara ƙara masa. In ya jefa biyu da ɗaya a ƙarshen wasa, in ce huɗu da huɗu. Sati biyu ina yi. Wata la'asar ya ɗora tafinsa a kan dayis ɗin ya ce, "Tagwaye sau ɗaya suke zuwa cikin jifa shida. Tun da na makance kake ba ni sau ɗaya cikin uku. Ido na rasa, ba kai ba. Ka faɗi abin da ka gani ko ka tashi." Kunya ta rufe ni. Daga ranar na koma faɗin gaskiya, ya ci gaba da cina kamar da.

Abu ɗaya ya rage. Likitan Kano ya ce in kumburi ya sauka za su gwada na hagun, mai tabo, wanda aka ce biyu cikin goma. Suka ba mu rana bayan ƙaramar sallah. Malam Zainu bai sa rai sosai ba, amma na lura yana tambayar Iyatu kwanan wata kusan kullum.

Saura kwana tara Modibbo ya sake zuwa. Ya rame. Ya zauna ya riƙe kan ƙaninsa da hannu biyu, hawaye yana bin gemunsa.

"Sun cuce ka, Zainu. Da na zo kafin su sa wuƙa da ba haka ba. Na makara."

Malam Zainu ya ce, "Haka Allah ya so, Hamma."

"An ce za ka sake ba su ɗayan. To wannan karon na riga su. Bari mu fara tun yanzu, kafin ranar ya yi ƙarfi."

Ya sa hannu a aljihu. Kwalbar ce, an sake cika ta. Na dubi Malam Zainu, na ga ya fara gyara zama, yana laluben cinyar wansa da hannu. Yanzu ba shi da idon da zai dube ni da shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge kwalbar daga hannun tsohon, na fita tsakar gida na tuttular da ita a magudana, na dawo ɗakin.

Na ce, "Modibbo, ka gafarce ni, kai ubana ne. Asibiti ba su cuce shi ba. Ya fito yana gani, ni shaida ne, har lambar mota yake karantawa. Ruwan nan ne ya kashe idon. Likita ya faɗa a gabana."

Malam Zainu ya daka mini tsawa, "Yahuza!" Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Modibbo bai ko dube ni ba. Ya juya wajen ƙaninsa ya ce, "Zainu, gaskiya ne?"

Malam Zainu ya buɗe baki ya rufe. Ba zai yi wa wansa ƙarya kai tsaye ba, ba zai kuma iya cewa e ba.

"Kuma ka sani tun ran nan? Ka kwanta ka buɗe mini?"

Malam Zainu ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi gaba da baya. Ya dogara sandarsa ya miƙe. Na ce in kai shi tasha, ya nufi ƙofa. Malam Zainu ya rarrafa yana laluben ƙafarsa yana cewa, "Hamma, ka zauna ka sha ruwa, Hamma," ya kama iska. Iyatu ta fito daga bayan labule, karo na farko, ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka, tsohon ya kewaye ta ya wuce.

Ranar aiki ni na kai shi Kano, don ba wanda zai kai shi. Bai yi mini magana ba zuwa da dawowa. Idon hagun ya ɗan buɗe. Yana ganin hasken ƙofa, yana ganin inuwar mutum in ya gifta, yana zuwa masallaci da sanda ba mai ja. Fuska kuwa ko ɗigon dayis, babu. Likita ya ce iyakar abin da tabon zai bari ke nan. Akwatin tawula bai sake fitowa ba. Ina zuwa kullum in zauna a gindin dalbejiya, ya amsa sallamata, shi ke nan.

Sau uku ya aika ruga da goro da sukari. Ana karɓa, ba amsa. 'Ya'yan Modibbo suka ce tsohon ba fushi yake yi ba. Ya daina fita wajen shanu, ya daina taɓa magani ko na kaska, yana zaune a bukka yana cewa ba shi da fuskar da zai kai Dutse. Har yau ban san ko daidai na yi ba. Wata rana in ce na ceci ɗan hasken da ya rage masa, wata rana in ce da na bari sun ƙarasa yadda suka saba.

Tsakiyar damina, da sassafe, Iyatu ta aiko a kira ni. Modibbo ya rasu da asuba, an ce za a jira ƙaninsa zuwa hantsi. Na taka motar yadda ban taɓa yi ba tun ina aiki. Hanyar ruga ta yi laka, muka ajiye motar muka ƙarasa a ƙafa, yana riƙe da kafaɗata.

Mun tarar an yi wanka, an sa likkafani, saura a rufe fuska. Mutane suka dare masa. Na kai shi har bakin tabarmar, ya durƙusa, ya laluba ya sami kan. Ya karkatar da fuskarsa, ya kai idon hagun kusa, ya ƙara matsawa har goshinsa ya taɓa na wansa. Ya ce a ɗage asabarin ƙofa haske ya shigo. Aka ɗage. Ya daɗe a haka, liman yana jira, ba wanda ya iya cewa ya isa.

Can ya ɗago ya juyo inda yake jin numfashina. Wata uku ke nan rabon da ya kira sunana.

"Yahuza, fari kawai nake gani. Gaya mini gaskiya, yaya fuskarsa take?"

Na duba. Na ce, "Ya rame ƙwarai, Malam. Kamar mai barci da damuwa."

Ya gyaɗa kai, ya shafa gemun sau ɗaya, ya ja likkafanin ya rufe da kansa.